Milimita 14: yadda muka tayar da motar tsere bayan ta daki katanga

Ranar wata Lahadi ce a watan Yuni, wajen ƙarfe tara na dare, amma da yake lokacin zafin Ingila ne ko magariba ba a yi ba, aka shigo da motar a kan tirela. Gabanta na dama ya markaɗe. Bonet ya naɗe kamar tabarma, ruwan lagireto ya bushe a jikin injin ya bar fari-fari, tayar baya ta hagu kuma ta karkace ta shige cikin bodi. Mai motar ya sauko yana dafe da haƙarƙari, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce mini saura mako biyar a yi tsere na gaba, ko za mu iya?

Ni fanel bita ne. A Kaduna na koyi aikin, a wani gareji da ba shi da nisa da Panteka, shekara tara ina ƙarƙashin maigida ɗaya, kafin hali ya kawo ni Ingila inda nake aiki a wani garejin gyaran bodi. Mai motar maƙwabcina ne, Bature, ya haura hamsin, sana'arsa wayarin ɗin gidaje. Duk abin da ya tara a shekara a kan wannan mota yake ƙarewa, kuma tun da ya san aikina nake ba shi hannu da yamma a garejin bayan gidansa.

Motar Mazda MX-5 ce ƙirar farko, mai fitilun nan da ke buɗe ido su rufe, wadda aka fara nunawa a Chicago a 1989. Injin lita 1.6 gare ta, ƙarfinsa wajen doki 115, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Ba wata motar a-zo-a-gani ba ce wajen gudu. Abin da ya sa masu tseren sha'awa suka rungume ta shi ne tayoyin baya ne ke tura ta, tana da daɗin kwana, kayan gyaranta kuma kamar a bakin kasuwa. Ƙungiyoyi irin 750 Motor Club, wadda aka kafa tun 1939, da BRSCC suna shirya tsere a filaye irin Brands Hatch da Snetterton da Cadwell Park da Donington, hukumar Motorsport UK kuma ita ke ba da lasisi. Wanda ya zo na ɗaya ɗan kofi zai tafi da shi gida. Wanda ya fasa motarsa kuwa shi da aljihunsa, don inshorar titi ba ta san da zaman filin tsere ba, kuma ko wani ne ya buge ka ba ka da wanda za ka kai ƙara. Wannan shi ya sa maganar mako biyar ta fara fitowa daga bakinsa: ya riga ya biya kuɗin shiga.

Labarin da ya ba ni a daren shi ne, a wata kwanar dama mai gudu ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, baya ya zame, motar ta juya sau ɗaya ta ratsa ciyawa ta daki katangar tayoyi. Laifinsa ne, in ji shi. Tayar baya kuma ai dukan ne ya karya ta. Kowa a filin haka ya ɗauka, ni ma a daren haka na ɗauka.

Washegari da na kwance tayar sai na tsaya. Hob ɗin, wato faifan ƙarfen da kusoshin taya huɗu ke zaune a jikinsa, ya rabu da gindinsa gaba ɗaya, faifan birki ne kawai da ya maƙale a mazaunin kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki, ya hana tayar guduwa. Na goge wurin karayar da tsumma na kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Launi biyu ne a wurin. Wajen kashi biyu cikin uku ya yi duhu, sumul, har da ɗan tsatsa, da wasu layuka masu lanƙwasa a jere kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin kogi in ya janye. Ragowar kuwa fari ne tas yana ƙyalli, da kaushi kamar an fasa dutse. Duk wanda ya daɗe da ƙarfe ya san fassarar wannan. Farin jiya ya karye. Mai duhun ya daɗe yana tsagewa, kaɗan-kaɗan, kowace kwana tana ƙara masa gashi ɗaya, kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. Duka ɗaya ba ya barin tsatsa a cikin karaya.

Muka kunna bidiyon kyamarar cikin motar, muka riƙa tafiya da shi hoto ɗaya-ɗaya. A kwanar dama nauyin mota kan koma tayoyin hagu, kuma can a tsakiyar kwanar sai ga sararin sama ya karkace a gilas, bayan motar na hagu ya zauna, sannan ƙarar injin ta sauka. Wato hob ne ya fara karyewa, ɗaga ƙafar direban daga totur ya biyo baya. Mutumin nan ya kwana yana cin kansa a kan laifin da bai yi ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tambaye ni, to na ɗaya gefen fa?

Akwai gwajin da ake yi da gwangwani uku. A wanke ƙarfe tas, a fesa masa jan ruwa a bar shi ya jiƙa na kamar minti goma sha biyar, a goge, sannan a fesa farar hoda. In da tsaga, jan da ya shige cikinta zai tsattsafo ya zana kansa a kan farin. Hob ɗin dama, wanda ko ƙwarzane babu a jikinsa, ya zana mana jan layi mai tsawon farce a daidai inda ɗan'uwansa ya fara. Waɗannan hob-hob ɗin an ƙera su ne don motar zuwa kasuwa da tayoyin titi. Shekara talatin suka yi a jikinta, shida daga ciki suna ɗaukar tayoyi masu kama ƙasa sosai, ga hawa dakalin gefen kwana da direbobi ke yi don rage hanya. Masu tsere da wannan mota sun san matsalar, shi ma ya sha ji, sai dai bai taɓa zaton tasa za ta faɗa ba tunda boris bai taɓa yi masa kuka ba. Da a ce mun bi maganar mako biyar, gaba za mu gyara, mu sa hob ɗaya sabo, mu mayar da shi fili da ɗayan a tsage.

Daga nan muka koma kan bodi, kuma a nan ne aka yi gardamar gaske. Mun tuɓe gaban motar duka, muka fitar da injin, muka ɗora ta a kan ƙafafu huɗu muka daidaita da ma'aunin ruwa. Ba mu da teburin awo irin na manyan gareji, don haka muka yi na gargajiya: igiya mai dalma irin ta magina, a rataya ta daga ramukan da kamfani ya huda a ƙarƙashin shasi da kusoshin gadon injin, a ɗiga alama a kan tef ɗin takarda da aka manna a ƙasa. In an gama sai a janye motar a auna alamomin a gicciye, daga gaban dama zuwa bayan hagu, daga gaban hagu zuwa bayan dama. A mota mai lafiya awon biyu ya kamata su zo ɗaya, ko su saɓa da abin da bai wuce milimita uku ba. Namu ya saɓa da milimita 14. Muka sake, muka kuma sakewa da wani tef ɗin awo, 14 ɗin dai.

Inda lanƙwasar take ya fi yawanta damuna. In dukan ya tsaya a gaban mazaunin shokozoba, aiki ne mai sauƙi, a yanke bakin shasin a ɗinka wani. Wannan kuwa ta wuce nan. Da na bi da tafin hannu sai na ji wani ƙulli a bayan mazaunin, dab da bangon da ya raba injin da direba, fenti ya tsattsage a wurin. A ƙasan ƙafar direba bene ya yi tudu. Ƙofar dama da a da ake rufe ta da yatsa ɗaya, yanzu sai an ɗaga ta. Daga bidiyon mun ƙiyasta ya isa katangar da gudun kilomita 80 a awa, kuma in aka lissafa, wannan daidai yake da a sako mota daga tsayin mita 25. Tayoyin katangar sun sha wani kaso, shasin ya sha sauran. Aikinsa ke nan, kuma ya yi shi, shi ya sa mai motar ya fito da ƙafafunsa.

Ba zan ɓoye ba, hannuna ƙaiƙayi yake yi in ja ta. A Kaduna mun miƙar da waɗanda suka fi wannan lalacewa. A ɗaure mota da sarƙa a gindin bishiya, a sa wutar gas a wurin har ya yi ja, a ja da cen-bulok, a bi da guduma, kuma motocin nan sun yi shekaru suna jigila tsakanin Kaduna da Zariya. Ba na raina wannan aiki, shi ya ciyar da ni, kuma akwai gwaninta a cikinsa da yawancin abokan aikina na nan ba su da ita. Mai motar shi ma ja yake so, don ya fi sauri ya fi araha. A daren na kira tsohon maigidana na nuna masa wurin ta bidiyo.

Ya ce, "Matso da fitilar, ɗana. Wannan wa zai hau ta?"

Na ce, "Mai ita, Baba. Tsere yake yi da ita."

"Wato zai sake kai ta inda ta daku."

"Yana iya yiwuwa, Baba."

Ya ce, "To ja za ta jawu, awo ma zai zo daidai. Amma ƙarfen da ya sha wuta ya sha ja, ba ya komawa yadda uwarsa ta haife shi. In ta sake dakuwa a nan, ina zai naɗe? A kan ƙafarsa zai naɗe."

Maganar ke nan da na kai wa mai motar da safe. Awo yana gaya maka inda ƙarfe yake, ba ya gaya maka sauran ƙarfin da ya rage masa. Ga kuma kejin ƙarfen da ke kare direba: ƙafarsa ta gaba ta dama ta ɗan rusuna, benen da take zaune a kai ya lotsa. Ƙa'idar hukumar tsere ta duniya, FIA, ita ce kejin da aka tantance in ya yi haɗari ba mai gyara shi sai wanda ya ƙera shi ko da amincewarsa. Muka aika musu hotuna, suka ce rabin gaba duka a canza. Da wannan ya haƙura. Za a nemo wani bodin, a kwashe kayan wannan a zuba masa, mako biyar kuma ta tashi.

Neman bodin ya ci mana kusan wata guda, saboda gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin sanyi ya cinye yawancin waɗannan motoci, musamman dokin ƙofa ta wajen tayar baya. Na farko da muka gani sukundireba ta shige shi kamar burodi. Na biyu yana ƙyalli, amma maganaɗisu ya ƙi kama gefensa, fila ce aka lafta aka fesa fenti. Na uku irin waɗanda aka shigo da su daga Japan ne masu suna Eunos Roadster, injinsa ya buga, ya yi shekaru a rumfa. Kafin mu biya na kwanta a ƙarƙashinsa da igiyata da dalmata. Milimita biyu. Muka ɗora shi a tirela.

Aikin kwashe kaya ba shi da wani labari, dare ne bayan dare na kwance noti da ɗaurawa, da goge kwaltar bene, da jan wayoyi, wanda dama fagen mai motar ne. Abu ɗaya da na kiyaye shi ne karanta littafin dokar ajinsu, wato rukunin motocin da yake tsere a ciki, kafin kowace walda, don a irin wannan tsere abin da doka ba ta ce ka yi ba, to ta hana. Ƙafafun kejin kuwa na ba su lokacinsu. Kowace ƙafa tana zama ne a kan farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita uku da faɗin santimita murabba'i 120, an yi masa walda da bodi, sannan kusoshi uku masu kaurin milimita takwas su riƙe ta. Keji komai ƙarfinsa, in benen da ke ƙarƙashinsa ya huje, ya zama ado.

Ɓarnar da ta ba ni mamaki a baya take. Wannan mota tana da wani dogon ƙarfen alminiyam da ya haɗa giyabos da difransha, ya mai da su kamar abu ɗaya. Da gaba ya daku, injin ya tura giyabos, giyabos ya tura wannan ƙarfen, shi kuma ya kai saƙon har baya. Ƙarfen ya ɗan murɗe, hannun gidan difransha kuma, da muka yi masa gwajin jan ruwa, ya tsage. Fiye da mita biyu daga inda aka daka. Sitiyari-rak ya lanƙwashe, roba biyun da injin ke zaune a kai sun yage. Injin kansa ya tsira: mun auna bakin karanshaf da agogon awo ba ya rawa, matsin silinda huɗun ya zo kusa da juna. 'Yan sa-kan filin, masu riga ruwan lemo, sun ja makashin wuta da wuri, bai yi aiki babu ruwa ba.

Gardama ta biyu a kan kayan jikinsa aka yi ta. Bel ɗinsa mai madauri shida bai fi wata huɗu da saye ba, irin na FIA da ke da wa'adin shekara biyar, kuma a ido ba abin da ya same shi. Amma shatin da ke kafaɗunsa da haƙarƙarinsa shaida ne cewa bel ɗin ya miƙe ya sha nauyi, kuma zaren da ya miƙe sau ɗaya ba zai sake miƙewa haka ba. Hular kwano ma haka: farar kumfar da ke cikinta murƙushewa take yi ta sha duka, ba ta dawowa, ko da bayan hular yana ƙyalli. Kujerar da na juya ta na tarar da farin layi a jikin faiba kusa da kusoshin gefe. Sai igiyoyin abin wuyan nan da ake kira HANS, wanda ke riƙe kai kada ya fizge gaba yayin da bel ya riƙe jiki. Robert Hubbard da Jim Downing suka ƙirƙiro shi a Amurka, direbobi suka daɗe suna ƙinsa, sai bayan da shahararren direban tsere Dale Earnhardt ya mutu a Daytona a watan Fabrairun 2001 da karayar gindin ƙoƙon kai aka tilasta shi a irin tseren da yake yi, a Birtaniya kuma tun 2016 ya zama dole ga yawancin masu tseren fili. Wuyan maƙwabcina ya yi ciwo kwana uku ya warke. Ya so ya sayar da bel ɗin ko ya rage asara. Na roƙe shi kada ya yi, don wanda zai saya ba zai ga abin da muka sani ba. Shi da kansa ya ɗauko almakashin yankan waya ya datse madaurin ɗaya bayan ɗaya.

Ni ma na yi nawa kuskuren, kuma ya dame ni. Duk hannayen tayar gaban dama da shokozobanta mun canza, amma na hagu na duba da ido na ce ba nan aka daka ba, na mayar. Da muka ɗora motar a kan sikeli huɗu, da buhunan yashi daidai nauyinsa a kujerar direba, muna neman nauyin gicciye, wato gaban dama da bayan hagu a kan gaban hagu da bayan dama, ya zo rabi da rabi, sai lambobin suka ƙi zama. A danna motar a saki, sikelin gaban hagu ya nuna wani abu, a sake dannawa ya nuna wani. Dare biyu muna zargin sikelin. A na uku na cire shokozoban na zare sifirin na tura shi da hannu, sai na ji yana cijewa a tsakiya. Na mirgina sandarsa a kan gilas, ga haske yana leƙowa ta ƙasa. Lokacin da motar ke juyawa a ciyawa tayar ta sha nata dukan. Ni da na tsaya kai da fata a kan awo, na yarda da idona a wuri ɗaya, kuma a wurin aka kama ni. Muka sauke duk gefen hagu muka auna komai daga farko.

Mako goma sha ɗaya aikin ya ɗauka, tsere uku suka wuce shi. A farkon Satumba muka kai ta ranar gwaji. Zagaye uku a hankali ya dawo, na bi kowace taya da sufanar awo, na leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, na taɓa hob-hob ɗin da bayan hannu. Ya sake fita zagaye biyar. Motar ba ta da matsala, amma daga bakin shinge ina jin yadda yake sassauta ƙafa a duk kwanar dama mai gudu, tun kafin ya isa tsakiyarta. Ban ce masa komai ba. Da azahar na je bayan tirela na yi salla, na dawo na tarar da shi a tsugune yana kallon tayar baya ta hagu. Na ɗauko fitila na nuna masa kwanan watan da muka rubuta da farin fenti a jikin sabon hob ɗin, na tuna masa cewa shi da hannunsa ya fesa masa jan ruwa kafin mu ɗaura. Sai wajen la'asar na ji ya ratsa kwanar ƙafarsa danne da totur.

A tseren ƙarshe na shekarar masu binciken mota sun daɗe a kan ƙafafun kejin da takardun bel da kujera, suka manna mata takardar wucewa. Ya gama a tsakiyar jerin, inda dama yake gamawa. Yanzu akwai ɗan littafi a rataye a ƙusa a garejinsa, inda ake rubuta awannin da kowane hob ya yi a fili, da ranar da za a cire shi ko da lafiyarsa ƙalau. Mutum biyu daga ajinsu sun zo da nasu mun fesa musu jan ruwa, ɗaya ya zana layi. Mai gwangwan ya zo ya ɗauke tsohon bodin a watan Oktoba, bayan mun yanke ƙafar kejin da ta rusuna gida biyu don kada ta koma jikin wata motar.